TAFKIN IYO NA DOKTA RANDLE: YADDA KANKARE KE MUTUWA, DA YADDA A KE TA DA SHI

Duk wanda ya san birnin Ikko ya san unguwar Onikan da ke cikin tsibiri, inda gidan adana kayan tarihi na ƙasa ya ke, ba nisa da Dandalin Tafawa Ɓalewa. Daura da gidan tarihin akwai wani fili wanda ya yi shekaru masu yawa babu mai ɗaga kai ya dube shi, domin ba abin da ya rage a cikinsa sai wani tsohon zauren taro da wani makeken rami na kankare da ya mutu murus.

Ramin nan shi ne tafkin iyo da Dokta John Randle ya gina wa mutanen Ikko da kuɗin aljihunsa, wanda a ke lissafa tarihinsa daga shekarar 1928. A watan Janairu na 2023 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe sabon ginin da Gwamnatin Jihar Legas ta yi a wurin, watau Cibiyar John Randle ta Al'adu da Tarihin Yarbawa, a watan Oktoba na 2024 kuma aka buɗe ƙofa ga jama'a. Jaridu sun yi ta yabon gidan tarihin da ke ciki, da launukan bangonsa, da ciyawar da aka shuka a kan rufinsa. Kaɗan ne suka tsaya a kan abin da ya fi kome tsohon tarihi a wurin, watau tafkin, wanda ya dawo da ruwa a cikinsa bayan an daɗe da fid da rai da shi. Shi kuwa ya kamata a tsaya a kansa, domin matattun tafkuna irinsa suna nan birjik a filayen wasa da makarantu da tsofaffin otal-otal na gwamnati a ƙasar nan, ba a kuma rasa jin alkawarin za a gyara su.

WANE NE RANDLE?

An haifi John Randle ran 1 ga watan Fabrairu, 1855, a ƙauyen Regent na ƙasar Saliyo. Mahaifinsa Bayarabe ne daga ƙasar Oyo, yana cikin bayin da aka 'yanta aka zaunar da su a Saliyo. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan, ya gama a 1888, sa'an nan ya zo Ikko ya kama aikin gwamnati. Bai daɗe ba suka saɓa da Turawa, saboda albashin da a ke ba shi kusan rabin na Baturen da suka yi karatu iri ɗaya ne, ga shi kuma ya ƙi zuwa rangadi sansanin soja da ke Ijebu Ode. A 1893 aka sallame shi. Sallamar ta zame masa gobarar Titi, gama ya shiga duba marasa lafiya don kansa, ya yi suna, ya tara dukiya.

Abin sha'awa, siyasarsa ma a kan ruwa ta fara. A 1908 shi da Dokta Orisadipe Obasa suka kafa ƙungiyar People's Union, wadda ta ke cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a ƙasar nan, don yaƙi da harajin ruwan famfo da Gwamna Egerton ya so ɗora wa mutanen gari. Hujjarsu ita ce Turawa ne za su fi shan ruwan, talaka kuma ya biya. Ba su ci nasara ba. A 1915 aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju, daga baya ƙungiyar ta sassauta, abin da ya rage mata farin jini ƙwarai wurin jama'a.

Labarin da mutanen Ikko suka riƙe game da tafkin shi ne, Randle ya damu da yadda mutane ke halaka a ruwan da ya kewaye tsibirin saboda rashin iya iyo, ya nemi Gwamnatin mulkin mallaka ta gina wurin da 'yan ƙasa za su koya, ta ƙi. Sai ya gina da kansa, ya kuma yi lambun shaƙatawa a gefensa. Ya rasu ran 27 ga Fabrairu, 1928. Ɗansa, Cif J. K. Randle, shi ne ya jagoranci 'yan wasan Nijeriya zuwa wasannin Olamfik na birnin Melbon a ƙasar Ostireliya a 1956, ya rasu jim kaɗan bayan dawowarsu. Don tunawa da shi aka gina zauren taron da ke kusa da tafkin.

To, a kwana a tashi wurin ya lalace, aka daina shiga, ruwa ya ƙafe. A 2016, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, aka sa motocin rusau suka share tsofaffin gine-ginen filin. Abin bai yi wa zuriyar Randle daɗi ba, har jikansa Bashorun J. K. Randle, tsohon shugaban ƙungiyar akantoci ta ƙasa, ya fito fili a jaridu ya nuna ɓacin ransa. Wani matashin masanin zanen gine-gine, Seun Oduwole, shi ya tsara sabuwar cibiyar, aka gama ta zamanin Gwamna Babajide Sanwo-Olu, aka kuma mai da tafkin iyo cikin tsarin da sabon jiki. Ko da ya ke aiki ya yi kyau, gaskiya ita ce sai da aka bari abin ya kai inda ƙaramin gyara ba zai yi masa magani ba.

ME KE KASHE KANKARE?

Mutane da yawa sun ɗauka kankare dutse ne, in an zuba shi an gama har abada. Ba haka ba ne. Kankare haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa, a cikinsa kuma akwai rodi da aka saƙa kamar asabari. Kankaren yana da ƙarfin ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma ba shi da juriya in ana ja ko lanƙwasa shi, shi ya sa a ke sa rodi ya riƙe shi. Shi kuma simintin yana kare rodin daga tsatsa, muddin iska da gishiri ba su kai gare shi ba. Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne.

Nauyin da su ke ɗauka ba kaɗan ba ne. Tafkin da a ke gasar Olamfik a ciki tsawonsa mita 50 ne, faɗinsa mita 25, in zurfinsa ya kai mita 2 yana cin ruwa lita miliyan biyu da rabi. Watau jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda 100,000, nauyinsu tan 2,500. In ruwan ya sauka da santimita 1 kacal, faɗin ɗan yatsa bai cika ba, an yi asarar lita 12,500 ke nan, jarka 500. Saboda haka tsagar da mai gida zai gani a bangon ɗakinsa ya kau da kai, a tafkin iyo babbar magana ce.

Ta tsaga ɓarna ke shiga. Ƙasa ta ɗan motsa, ko zafin rana da sanyin dare su yi ta buɗe kankare suna tsuke shi, sai ya dare kamar silin gashi. Ruwan tafki kuwa yana ɗauke da sinadarin kulorin da a ke zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, a Ikko ga kuma gishirin teku a iska da cikin ƙasa. Ruwan ya bi tsagar har ya tarar da rodi, rodi ya fara tsatsa. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta cinye, saboda haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya ɓamɓare ya faɗo. Wurin da ya ɓamɓare ya zama sabuwar ƙofar ruwa. Jan tabon da a kan gani yana tsiyaya a bangon tsohon tafki, alamar ciwon ya riga ya yi nisa ne. In kuwa tun farko ɗan kwangila ya yi amfani da yashin bakin teku bai wanke ba, ko ya kwantar da rodi dab da fatar kankare don ya rage siminti, to, da cutar aka haifi ginin.

Sai dai babban abin da ke kashe tafki shi ne a bar shi babu ruwa. Wannan shi ne abin da hukumomi da yawa ba su gane ba. Injin ya lalace, ko kuɗin mai ya yanke, sai a ce a zubar da ruwan tukuna kafin a sami kuɗi. Daga ranar nan ɓarna ta ninka. Filastar da aka yi don ta zauna cikin ruwa sai rana ta gasa ta, ta bushe, ta tsattsage, tayil ya saki. Bugu da ƙari, tafki maras ruwa kwale-kwale ne da aka binne a ƙasa. A wuri kamar tsibirin Ikko, inda in ka haƙa rami kaɗan za ka tarar da ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tura daɓen tafkin sama. In ya haura daɓen da mita 1, yana tura kowace murabba'in mita da ƙarfin tan 1. Da can nauyin ruwan ciki ke danne shi. Da aka kwashe, ba abin da zai hana daɓen ya tsage, wani lokaci ma dukan tafkin ya ɗago daga mazauninsa ya karya bututan da ke jikinsa. Don haka ne magina na ƙwarai su ke sa wata 'yar ƙofa a ƙasan tafki, wadda ke buɗewa da kanta ta bar ruwan ƙasa ya shigo in matsin ya yi yawa, ba sa kuma yarda a kwashe ruwa a tsakiyar damina.

AIKIN GYARA

Gyaran da aka saba gani shi ne a wanke rami, a lilliƙe tsaga da siminti, a shafa shuɗin fenti, a cika ruwa, a kira makaɗa da 'yan jarida a yanka kyalle. Irin wannan ba ya shekara biyu. Gyaran gaskiya yana farawa da bincike, kuma kayan binciken farko ba su da tsada: guduma ce da sarƙa. Ma'aikaci zai bi bango yana ƙwanƙwasawa, ya ja sarƙa a kan daɓe yana saurare, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Inda ke da lafiya zai yi ƙara mai kaifi, inda fata ta rabu da jiki zai yi amo irin na ganga. Duk inda ya yi amo a zagaye shi da alli. Bayan wannan injiniya zai huda ya ciro gunduwar kankare daga wurare daban-daban a kai ɗakin gwaji, a matse ta a ga ƙarfin da ya rage mata, a kuma auna zurfin da gishiri ya kai. Bututu kuma a toshe bakinsu a hura musu iska ko ruwa da ƙarfi, in allurar ma'auni ta sauka an san akwai yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Sau da yawa a kan ɗora wa kankare laifi alhali bututu ne ya fashe.

Sakamakon binciken nan shi zai nuna ko a gyara ko a rushe a sake. Ɗan kwangilar da ya faɗi kuɗin aiki tun bai ƙwanƙwasa bango ba, ko dai ya yi niyyar fenti ne kawai, ko kuwa yana shirin dawowa neman ƙari.

In an yanke shawarar gyara, sai a feɗe tafkin. A cire tsohon tayil da filasta da fenti duka, da injin fasa kankare, ko da yashi da a ke fesawa da ƙarfin iska, ko da ruwa mai tsananin matsi wanda ke cin ruɓaɓɓen kankare ya bar mai kyau. Inda rodi ya yi tsatsa ba a tsayawa a fuskarsa, sai an sassaƙe har bayansa yadda hannu zai zagaya shi, a kankare tsatsar sai ƙarfe ya yi fari. Wanda ya sirance a yanke a ɗaura sabo. Tsaga iri biyu ce, kowace da maganinta. Wadda ta tsaya ba ta motsi a kan ɗura mata wani ɗanko mai ƙarfi da ke haɗe ɓangarorin su koma abu guda. Wadda ke buɗewa tana rufewa da sauyin yanayi kuwa, in aka cika ta da abu mai tauri sai ta sake darewa a gefe, saboda haka ɗanko mai taushi irin na roba a ke sa mata. Haka kuma gaɓoɓin da magina suka bari da gangan don kankare ya sami wurin numfashi, dole a cire tsohuwar robar da ke cikinsu a sa sabuwa. Daga nan a cike gurabun da aka sassaƙe, in wurin da yawa ne a fesa sabon kankare da bututu. Sa'an nan a jira. Kankare yana bukatar kwana 28 ana jiƙa shi kafin ya kai ƙarfin da a ke auna shi da shi, ko da ranar bikin buɗewa ta matso.

Bayan an shafa abin hana yoyo, kafin a rufe shi da ado, sai a cika tafkin a bar shi kwanaki ana auna ruwan. Dabarar mai sauƙi ce. A cika bokiti da ruwa a ajiye a kan matakalar tafkin, a yi alama ciki da waje. Abin da rana da iska suka sha zai zama daidai a duka biyun. In na tafki ya fi na bokiti sauka, akwai sauran aiki.

Marinan Ƙofar Mata a Kano ba za su ji wannan bayani baƙo ba. Tun kafin siminti ya zo ƙasar nan su ke shafe ramukan rininsu da laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, don kada baba ya tsiyaye cikin ƙasa. Matsalar ɗaya ce, girman ramin ne ya bambanta.

Fatar ƙarshe ita ce wadda ido ke gani, a nan kuma a ke gane ko masu aikin sun yi tunanin gobe. Fenti ya fi araha, amma 'yan shekaru kaɗan ya ke yi ya fara kwailewa. Filasta ta farin siminti da garin farin dutse ta kan kai shekara 10 ko sama da haka in an kula da ruwa. Tayil shi ne mai tsada, shi ne kuma ke daɗewa shekaru da dama, ya kuma fi sauƙin wankewa. A zamanin nan akwai masu shimfiɗa wata tabarmar roba mai kauri da a ke liƙe bakunanta da zafi, akwai kuma masu jera fallayen ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin tsohon ramin, tsohon kankaren ya zama masaukin sabon tafki kawai. Ga wurin da ɗaruruwan yara za su riƙa shiga kullum, kuma an san kuɗin gyara ba ya fitowa a kan kari, fenti arahar banza ce.

Akwai wani tarko da ke jiran wanda ke gyaran tafkin gasa. Hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda a da a ke kira FINA, aka sauya mata suna zuwa World Aquatics a ƙarshen 2022, ba ta yarda tsawon tafki irin na Olamfik ya gaza mita 50 ko da da kaurin farce ba, kuma bayan an maƙala allunan da 'yan wasa ke taɓawa a ke yin awon. In birkila ya ƙara kaurin santimita 2 a wannan bango, 2 a wancan, an sami tafki mai kyan gani wanda duk bajintar da aka yi a cikinsa ba za a rubuta ta ba.

ƊAKIN INJI

Rabin rayuwar tafki tana cikin wani ɗaki da baƙi ba sa shiga ranar biki. A nan injina ke jan ruwa su tura shi ta cikin manyan tankunan yashi da ke tace datti, a sa masa kulorin, ya koma. Ƙa'idar da a ke bi a wuraren jama'a ita ce dukan ruwan ya zagaya cikin kamar awa 6. Ga tafki irin na Olamfik, wannan ya haura lita 400,000 kowace awa, dare da rana. Kullum kuma sai an auna tsamin ruwan, a riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.8 a ma'aunin da masana ke amfani da shi. In ya yi ƙasa ruwan zai riƙa cin filasta da ƙarfe yana sa ido zafi, in ya yi sama kulorin ya rasa ƙarfinsa. A zafi irin na ƙasar nan, in wuta ta ɗauke inji ya tsaya, kwana kaɗan ne gansakuka za ta rufe ruwan, sauro ya sami gida. Duk kwangilar gyaran da ba ta faɗi inda wutar injin za ta fito ba, da wanda zai sayi kulorin wata-wata, da albashin mai auna ruwa, ba ta cika ba.

Magudanar da ke ƙasan tafki ma abin lura ce. Tsofaffin tafkuna da yawa rami ɗaya gare su da inji ke zuƙar ruwa ta ciki, in jikin yaro ya rufe shi ƙarfin zuƙar zai riƙe shi a ƙasa, babba ma ba zai iya ɓamɓare shi ba. A Amurka haka ta faru da wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon Sakataren Harkokin Waje James Baker, a 2002. A 2007 aka kafa doka da sunanta wadda ta tilasta wa wuraren iyo na jama'a sa murfin da jiki ba zai iya toshewa ba. Lokacin da aka feɗe tafki shi ne lokacin da ya fi sauƙi a raba magudanar gida biyu a sa irin wannan murfi.

SURULERE DA NIYU YOK

Ba sai an je nesa ba a ga abin da sakaci ke yi. An gina Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka yi wasannin ƙasashen Afirka karo na biyu a cikinsa a watan Janairu na 1973. A nan ne Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da 0 ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Afirka a 1980. Filin yana da tafki mai girman na Olamfik. Da hankalin Gwamnatin Tarayya ya koma sabon filin Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, sai Surulere ya zama maraya, tafkinsa ya shafe fiye da shekara 10 a bushe kafin a waiwaye shi. Yaron da ya ke shekara 8 lokacin da aka rufe shi, shekarun da a ke ƙera ɗan wasan iyo ke nan, ya riga ya zama saurayi kafin ruwa ya dawo.

Wannan cuta ba ta ƙasar nan kaɗai ba ce. A birnin Niyu Yok na Amurka an buɗe manyan tafkunan jama'a guda 11 a bazarar 1936 kaɗai, cikin shirin gwamnati na sama wa marasa aiki abin yi. Ɗaya daga cikinsu, na lambun McCarren a unguwar Burukilin, an gina shi don ya ɗauki mutum 6,800 a lokaci guda. Aka rufe shi a 1984 da niyyar gyara, mutanen unguwa suka kasa daidaitawa a kan abin da za a yi da shi, ya zauna a bushe har ya koma dandalin makaɗa. Sai a watan Yuni na 2012 aka sake buɗe shi, bayan an kashe dala miliyan 50, aka kuma rage shi ya koma na mutum 1,500. Shekara 28 ke nan, a birnin da ba a rasa kuɗi ko wutar lantarki.

BA WASA BA NE KAWAI

Wani zai ce, ƙasar da ruwan sha bai wadata ba, me ya kai ta zancen wurin ninƙaya? Tambaya ce mai nauyi, ita ce ma irin wadda Randle da kansa ya yi wa Egerton. Amma likitan da ya yi faɗa a kan harajin ruwa shi ne ya ciro kuɗinsa ya gina tafki, domin a wurinsa maganar ceton rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowa asara. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli na kowace shekara don faɗakarwa a kan haka. Koya wa yara 'yan makaranta iyo a wuri mai tsaro yana cikin matakan da Hukumar Lafiya ta ke ba da shawara a kai.

Masu karatu ba su manta da jirgin ruwan da ya kife a yankin Wara na Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, ko na Ɓagwai a Jihar Kano a watan Nuwamba na shekarar, wanda yawancin waɗanda ya ci yara ne 'yan Islamiyya, ko na Patigi a Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu. Lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilan irin wannan haɗari, iya iyo kaɗai ba zai ceci kowa a tsakiyar Kwara da dare ba. Sai dai ban da waɗannan da a ke ji a rediyo, akwai yaran da kududdufai ke ci ɗaya-ɗaya kowace damina a biranen Arewa, su kuwa 'yan mitoci kaɗan ne tsakaninsu da gaɓa. Gwanayen ruwa ba su ƙare a ƙasar Hausa ba, wanda ya taɓa kallon kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya shaida. Amma ɗan Sarkawa a kogi ya tashi. Ɗan birni ba shi da wurin koyo sai kududdufi, ko kuwa otal ɗin da kuɗin shigarsa ya fi ƙarfin ubansa.

Saboda haka jihar da ta tashi gyara nata tafkin, akwai abubuwan da ya kamata ta sa cikin takardar kwangila tun kafin a ɗaga guduma. A ware wuri maras zurfi mai faɗi don masu koyo, gama su ne masu yawa, ba 'yan gasa ba. A gyara ɗakunan sauya tufafi, a ɗaga katanga, a keɓe wa mata ranakunsu da malamai mata, in ba haka ba iyaye ba za su bar 'ya'yansu mata su je ba, rabin yaran gari ke nan. A horar da masu ceto, a sa su cikin jerin ma'aikata masu albashi. Kuɗin shiga kuma a ajiye wani kaso nasa a asusun da ba a taɓawa sai don sake filasta da sayen kayan inji, domin lissafin shekarun sabuwar filasta yana farawa ne daga ranar da aka cika tafkin da ruwa, na Onikan ma nasa ya riga ya fara.